Yadda Ake Karanta Gwajin Homon Na Goɗiya Daga Barbara Har Haihuwa

Da farko ka daina ƙirga kwana daga ranar da ingarma ya hau ta. Daga ranar da ta saki ƙwai ake lissafi, kuma sikanin likitan dabbobi, wato hoton ciki da na'ura, ne zai nuna maka. Goɗiya kan yi kwana 5 zuwa 7 tana neman namiji, ka ga tana ɗaga wutsiya tana tsiyayar da fitsari kaɗan-kaɗan, amma ƙwan ba ya fita sai saura kwana 1 ko 2 ta daina.

Lokacin neman nan furojestaron, wato homon (sinadarin jiki) da ke riƙe ciki, na ƙasa da 1 ng/ml, ma'aunin yawansa a jini. Bayan ƙwai ya fita sai ya hau, cikin kwana 5 haka ya wuce 4. In ba ta ɗauka ba, wajen kwana 14 zuwa 15 mahaifa kan saki sinadarin da ke faɗo da shi, zagayen kwana 21 ya sake. In aka ɗibi jini a kwana 19 aka gan shi sama kada ka fara shela, wata babu komai a cikinta amma yana nan bai sauka ba. Ni dai sikanin kwana 14 zuwa 16 ba na yafe shi duk tsadarsa, nan ake kama tagwaye.

To ga inda na sha kashi. Wajen kwana 36 zuwa 40 wasu ƴan ƙulle-ƙulle kan fito a jikin mahaifa suna zuba wani homon, eCG, har zuwa kwana 120 haka. Gwajinsa na da sauƙi shi ya sa kowa ke sonsa. Matsalar, ko ɗan tayin ya mutu bayan sun fito, su ba ruwansu, suna ta zubawa. Goɗiyata an gwada ta a kwana 70 aka ce ciki na nan daram, ba ta nemi namiji ba, na yi ta ƙara mata abinci ina shafa mata ciki, ashe ya zube tun tuni, kuma kafin a farga lokacin barbara ya wuce, shekara guda ta tafi. Abin da eCG ke faɗa kawai shi ne an taɓa samun ciki. In kana son sanin yana raye, sikanin, ko ka jira bayan kwana 100 a gwada wani homon, istiron salfet, don shi sai da ɗan tayi mai rai yake hawa, ya kai ƙololuwa wajen wata 7.

Daga wata 5 zuwa sama kar ka tada hankali don furojestaron ya yi ƙasa, mabiyiya ce ta karɓi aikin da wasu danginsa da ba sa fitowa sosai a gwajin. In tana shan Regu-Mate, maganin da ke yin aikin furojestaron, shi ma ba ya fitowa a gwajin. Haihuwa wajen kwana 340, kuma a nan duba nono da kalsiyam ɗin cikinsa ya fi ɗibar jini amfani.