Kwafi lambar ISBN, ka sayi littafin a ƙaramin shago

'Yan uwa masu son karatu, ga wata dabara.

In ka ga littafi a babban kantin intanet, kada ka yi saurin biya. Gangara ƙasa, ka kwafi lambar ISBN ɗinsa, wato lambar shaidar littafin. Tun 2007 alƙaluma 13 ce.

Tura lambar ga ƙaramin shagon littattafai, ko ka nema da ita a shafin kamfanin da ya buga littafin.

Me ya sa lambar? Kowane bugu da tasa. Mai kwalin bango daban, mai bangon takarda daban. Mai shago ba zai yi lalube ba, kai ma ba za a kawo maka tsohon bugu ba. Ribar kuma ta zauna hannun wanda ya san littafi, wanda zai ba ka shawara gobe. Ni wannan ya fi mini ragin 'yan kuɗi.

In kana Amurka ko Birtaniya, akwai shafin sayar da littattafai na Bookshop.org, wanda aka buɗe a 2020. Kai za ka zaɓi shagon da zai samu kason cinikin.

Amma ka lura: shafin AbeBooks na tsofaffin littattafai mallakar babban kantin intanet na Amazon ne tun 2008.

Dabarar ba kullum take ci ba. Littattafan da aka buga kafin 1970 galibi ba su da lambar. Wasu marubutan da suka buga da kansu a babban kantin kaɗai suke sayarwa. Kuma sai ka yi haƙurin jira, don in jarrabawa ta matso, oda za ta iya makara. Tambayi kuɗin aikawa kafin ka biya.