Yadda Ake Ɗaukar Hoton Fitowar Rana a Kan Dutsen Dala

Kun ishe ni da tambaya kan hotunan fitowar rana da nake ɗauka a kan Dutsen Dala a Kano, to ga yadda nake yi.

1. Tun da dare ka cika wayarka da caji.
2. Ana sallame Asuba ka tari adaidaita sahu zuwa gindin Dala.
3. Hau matakalar a hankali.
4. Goge idon kyamara da bakin rigarka.
5. Fuskanci gabas, ka jira rana ta leƙo.

Hattara: kada ka jawo hoton da yatsa, dishi-dishi zai fito. In hunturu ne kuma hazo ya sauka, haƙura kawai ka dawo wata rana.

6. Juya yamma ka ɗauki Goron Dutse, wato ɗaya dutsen da ke cikin birnin, lokacin da haske ya fara sauka kansa.
7. Ɗaga kyamarar sama kaɗan, malam. Tsakar gidajen mutane ne a ƙarƙashinka, mata na shara da hura wuta.