Yadda nake nuna wa ɗalibai ƙarfin caji da ƙwallo uku

Ku jira hunturu. Na sha gwadawa da damina, danshin iska kan kwashe cajin tun yara ba su ga komai ba. Amma a Disamba ko Janairu, lokacin da bargo ke ƙyasƙyas cikin duhu, abin yakan fito sarai.

Ku samo farin soson nan da ake tallafe talabijin da shi a kwali, ku yanko ƙwallo uku kai ɗaya, kowace kamar ƙwayar gurjiya, ku naɗe su da takardar aluminiyam. Ku rataye biyu a ƙusa ɗaya da zaren nailan, suna gogar juna. Kada ku sa zaren auduga, yana zurar da caji. Sai ku goge bututun roba na famfo da rigar sanyi sosai, ku taɓa su da shi. Nan take za su ture juna su rabu.

Ƙwallo ta uku ita ce sirrin darasin. Ku riƙe ta ta zarenta, ba da yatsa ba, ku taɓa ɗaya daga cikin biyun. Tunda girmansu ɗaya, cajin zai rabu gida biyu daidai, sai ku ga tazarar ta ragu. Ƙarfin turin ya sauka ke nan.

A nan nake rubuta dokar da Bafaranshe Charles Coulomb ya fitar a 1785: wajen lissafin ƙarfin turi, ana ninka caji da caji ne, ba tarawa ake ba. Wannan kuskuren yana cin yarana a jarrabawar WAEC, yana kuma damuna. In tazara ba ta canza ba, ka ninka caji ɗaya sau 2, ƙarfi ya ninka sau 2; ka ninka dukansu sau 2, ya zama sau 4. Da mikrokulom ake auna ƙaramin caji, da newton kuma ake auna ƙarfi: mikrokulom 2 da mikrokulom 3 a tazarar mita 1 suna ba da newton 0.054. Mai da 2 ɗin ya zama 4, ka sami 0.108.

Kada dai ku ce wa yara tazarar za ta koma rabi cif. Suna matsowa kusa, turin yana ƙaruwa, domin in tazara ta koma rabi ƙarfi kan ninka sau 4.

Daga ƙarshe nakan sa su dubi zaren biyu da kyau. Ƙwallo ɗaya ta fi ɗaya caji sau biyu, amma karkatar zarensu iri ɗaya ce, don ƙarfin da kowace ke sha daidai yake da na 'yar'uwarta.