Yadda za ka tsara ɗan jagora mai kamar mutum a wasan koyon karatu na waya

Wasan koyon baƙaƙe ko lissafi yakan zo da ɗan jagora mai fuskar mutum, wanda zai gaishe da yaro, ya nuna masa inda zai taɓa, ya yaba masa in ya ci. Binciken James Lester da abokan aikinsa a 1997 ya nuna yara sun fi jin daɗin darasi in akwai irin wannan jagora. Sai dai jin daɗi daban, iya sarrafa wasan daban, kuma jagoran da ya cika surutu shi ke raba yaro da darasin.

Zana shi katun, kada ka kwaikwayi mutum sak. Tun 1970 Masahiro Mori na Japan ya bayyana cewa abin da ya kusa zama mutum amma bai ƙarasa ba yana tayar da tsigar jiki: ido mara ƙiftawa, baki na motsi bayan murya ta wuce. Manyan idanu, gira mai motsi da hannu mai nuni sun isa. Yanayin fuska huɗu kawai kake bukata: sauraro, tunani, murna, ƙarfafa gwiwa. Na fushi kuwa, bar shi.

Murya ita ce ƙashin bayan aikin. Ɗauko ta mutum, ka bar ta na'ura, domin Hausa harshe ne mai karin sauti; na'ura kan karanta kukan yaro kamar kukar miya. Kowane umarni kada ya wuce kalma takwas, aiki ɗaya a jimla ɗaya. Yaron Agege, Idi-Araba ko Mile 12 a Legas ya tashi yana jin Yarbanci da Burokan a layi, Hausa a gida da Islamiyya, saboda haka kauce wa tsofaffin kalmomin da sai kakarsa ce za ta fassara masa. Da zarar tambaya ta fito, jagora ya yi shiru ya daina motsi har yaro ya amsa. Nan masu tsarawa suka fi faɗuwa: jagora na rawa a gefe, idon yaro na kansa, amsa ta bi ruwa.

Ajiye shi a kusurwa guda, kada ya ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar na allo. Yara za su taɓa shi ko ba a ce musu ba, don haka sa taɓawar ta maimaita umarni. Google ya ba da shawarar maɓalli kada ya gaza 48dp (ma'aunin girma a allon waya, kusan milimita 9 ke nan). Na yara ya fi haka girma. Rubutun bakinsa kuma a yi shi da Andika ko wani salon rubutu mai ɓ, ɗ da ƙ, in ba haka ba akwatuna ne za su fito.

Wayar da za ta kai hannun yaro galibi Tecno ce ko Itel ta uwarsa, mai RAM (ƙwaƙwalwar aikin waya) 2GB. Zane mai kauri, wato 3D, zai sa ta zafi ta riƙa maƙalewa. Shimfiɗaɗɗen zane, wato 2D, mai hoto 12 a daƙiƙa ya wadatar, kuma a haɗa muryoyin cikin manhajar don ta yi aiki ba data. Sayi irin wannan waya a kasuwar wayoyi ta Computer Village da ke Ikeja ka yi gwaji a kanta, ba a kan taka mai tsada ba.

Wajen gwaji, yi kwafi biyu, mai jagora da mara jagora, ka ba yara biyar-biyar da izinin iyayensu. Ƙirga daƙiƙun da yaro ya ɗauka kafin taɓawar farko ta daidai, taɓawar kuskure nawa, sau nawa ya ɗago kai yana neman babba. Kada ka tambaye shi ko wasan ya yi daɗi. Kunya za ta sa ya ce e. Sannan maimaita gwajin yayin da janareta ke aiki yana ƙara. In ba a gane umarnin sai an ji murya, ƙara hannu mai nuni a kan maɓallin.