Yadda Ake Samo Ma'aunin Awannin Aiki Wajen Ƙiyasin Ginin Masana'anta

Mai ƙiyasin kuɗin gina matatar mai ko masana'antar siminti yakan samu farashin ƙarfe da bututu daga masu sayarwa ba tare da wahala ba, amma yawan awannin da ma'aikata za su ci wajen girka kayan shi ne inda kwangila take samun riba ko ta karye. Abin da ake nema shi ne awa nawa mutum ɗaya yake yi a kan tan ɗaya na ƙarfe, ko kubik mita ɗaya ta kankare, ko kowane inci na faɗin bututun da aka yi wa walda.

A fara da littattafan da masu sana'ar suka daɗe suna dogaro da su. Na John S. Page ya shahara wajen aikin bututu, kundin NECA, ƙungiyar 'yan kwangilar lantarki ta Amurka, ya kasa aikin lantarki gida uku gwargwadon wuyarsa, RSMeans yana nuna abin da tawagar ma'aikata take gamawa a yini, su kuma 'yan Ingila suna da Spon's.

Kada a kwafi lambobin kai tsaye, domin a ayyukan mai da sinadarai akan ɗauki gaɓar Tekun Meziko, wato yankin birnin Houston na Amurka, a matsayin ma'auni na 1.0, sannan a ninka shi gwargwadon yanayin wurin da za a yi aikin: zafin rana, damina, watan azumi, ƙwarewar masu walda, nisan ma'ajiya da kuma aiki a sama. A tabbatar kuma ko lambar ta ƙunshi awannin masu sa ido da na jigilar kaya a cikin fili, don sau da yawa ba ta ƙunsa ba. Ƙarin lokaci ma yana da illa. Rahoton da Business Roundtable, ƙungiyar shugabannin manyan kamfanonin Amurka, ta fitar a 1980 ya nuna cewa idan aka wuce wata biyu ana aikin awa 60 a mako, gajiya takan sa a gama aikin a makare fiye da idan an tsaya a kan awa 40.

A ganina ma'aunin da ya fi inganci yana cikin takardun kamfanin kansa. A ba kowane nau'in aiki lambar shaidarsa, shugaban ma'aikata ya riƙa rubuta awannin kowace rana a ƙarƙashinta, a ƙarshen mako a raba su da yawan aikin da aka auna aka karɓa, ban da wanda aka rushe aka sake, wanda ya kamata a ajiye lissafinsa daban.