Yadda ake shigo da motar tsere ta hannu daga waje zuwa Abuja

Kafin ka tura ko dala ɗaya, duba ɓangaren da sitiyari yake. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi, don haka motar da doka ta yarda da ita ita ce mai sitiyari a hagu. A nan ne samari masu son Nissan Skyline ta Japan ko BMW M3 ta kasuwar Ingila suke ƙonewa, domin sitiyarinsu a dama yake. Wasu kan ce a mayar da sitiyarin a gareji. Ni dai ba zan hau motar da ke gudun kilomita 250 a awa ba alhali an yi wa sitiyarinta faci. Ka nemi taka a Amurka, Kanada, Jamus ko Dubai.

Sai shekaru. A da kwastan na karɓar motar da ba ta wuce shekara 15 da ƙerawa ba, daga baya aka rage zuwa 12. Kada ka dogara da bakin dillali: lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ita ke faɗin shekarar.

Da lambar nan kuma za ka binciki tarihin motar a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motoci. Yawancin Mustang da Charger masu araha daga gwanjon Copart, kamfanin da ke sayar da motocin da suka lalace, suke fitowa, wato sun yi hatsari ko ruwa ya shanye su. Mai hatsari takan gyaru. Wadda ambaliya ta shiga kuwa, wayoyinta da kwamfutarta za su yi ta ba ka ciwon kai har ka gaji ka sayar.

Ta ruwa za ta shigo, galibi tashar Tin Can a Legas, domin tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin tudu irin su Seme. Mota mai tsada da ƙasa-ƙasan jiki, gara ka biya kuɗin kwantena.

Samu ejan mai lasisi, wato mai fitar da kaya daga hannun kwastan, tun jirgi bai iso ba, don kuɗin ajiya a tasha kullum ƙaruwa yake. Tun 2022 kwastan da lambar shasi suke ƙiyasta kuɗin fito, sannan ga harajin VAT na kashi 7.5, kuma lissafin yana bin farashin dala. Ejan da ya ce zai fitar maka a rabin kuɗi, ka guje shi. Jami'an kwastan na tare hanya, kuma mota mai ƙara irin wannan ba ta ɓuya.

Kada ka tuƙo ta daga Legas. Ɗora ta a kan tirela ta biyo ta Lokoja. Idan ta sauka, ka kai takardun kwastan ofishin VIO da ke Mabushi a yi rajista da lamba, gilashi mai duhu kuma sai da izinin 'yan sanda. Kafin ka fara taka ta a hanyar filin jirgi, tambayi bakanike wane gidan mai ne fetur ɗinsa zai yi wa injin.