Masu kare, ku shirya kafin daren 31 ga Disamba

Jama'a barkanmu da war haka. Masu karen gadi a Jos, Kaduna da Sabon Garin Kano, lokacin nokawut da wasan wuta ya ƙarato. Kunnen kare ya fi namu ji nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙarar ke gigita shi.

Don Allah kada ku bar shi ɗaure da sarƙa a tsakar gida. Bara na tarar da nawa yana karkarwa, sarƙa ta nannaɗe masa wuya wajen neman tsallake katanga. Har yau abin na damuna. Tun la'asar ku zagaya da shi, ya ci abinci, sannan ku sa shi a sito ko wani ɗaki, ku rufe taga. A ajiye masa ruwa da tsohon buhun da ya saba kwanciya a kai, a kunna rediyo ƙasa-ƙasa. In ya ɓuya a lungu, ku ƙyale shi, ban da tsawa ko duka.

Kada a ba shi maganin barcin mutane, sai abin da likitan dabbobi ya rubuta. Da safe a share ɓurɓushin nokawut kafin a sake shi, kar ya tauna.